Ra'ayinmu: Daga Kotun Kano Zuwa Kasuwar Bakin Birji, Wa Ke Biyan Kuɗin Dariyarmu?

A watan Oktoba na shekarar 2025 wata kotun majistare a birnin Kano, ƙarƙashin mai shari'a Halima Wali, ta yanke wani hukunci da labarinsa ya karaɗe ƙasar Hausa baki ɗaya, tun daga Kano har nan Damargu. Kotun ta umarci Hukumar Hisba ta jihar da ta ɗaura wa wasu 'yan wasan barkwanci biyu aure cikin kwana 60, wato Idris Mai Wushirya da Basira 'Yar Guda, bayan da Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ta kai ƙara bisa zargin yaɗa bidiyoyin da suka saɓa wa tarbiyya a TikTok. Ba a ɓata lokaci ba aka fara shirye-shirye, har da gwajin lafiyar da aka saba yi kafin aure. Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, ta bakin shugabanta Afam Osigwe, ta fito ta yi tir da umarnin, tana mai cewa babu kotun da ke da hurumin tilasta wa mutum biyu su yi aure. Kafin wata ya ƙare Hisba ta sanar da cewa an fasa, domin saurayin ya bayyana cewa soyayyar da ya yi iƙirari a gaban kotu ba ta kai zuci ba, ya faɗa ne don ya tsira daga hukunci.

Masu karatunmu ba sa bukatar a ba su wannan labari daga farko. Duk wanda ke cin kasuwar Bakin Birji ko ta Tanut ko ta Belbeji ya san yadda bidiyoyin nan suka riƙa yawo daga waya zuwa waya, a rumfar mai cajin salula, a teburin mai shayi, a bakin direbobin da ke jiran lodi a matatar SORAZ, har ma a tsakanin iyayenmu mata masu tiyar gero da masu ƙuli-ƙuli idan ciniki ya lafa da rana tsaka. An yi dariya, an tafa, an ce a sake sako shi. Da hukunci ya fito kuma aka sake wata dariyar, wadda ta fi ta farko ƙarfi. Mu a wannan jarida mun daɗe muna juya lamarin, kuma muna ganin lokaci ya yi da za mu zauna da 'yan uwanmu 'yan kasuwa, maza da mata, mu yi lissafi irin na bayan an tashi kasuwa: wa ya ci riba a wannan ciniki, wa kuma ya koma gida da asara?

Bari mu fara da share fage. Ba mu zo kare bidiyoyin ba. Batsa batsa ce, ko dogo ya yi ta ko gajere, kuma uwar da ba ta son 'yarta ta ga irin wannan a waya tana da gaskiya. Hukuma tana da ikon tsawatarwa, doka kuma ta tanadi tara da gargaɗi da sauran matakai. Abin da ya dame mu shi ne abin da ya biyo baya, da kuma abin da ya sa tun farko bidiyoyin suka yi farin jini.

Basira 'Yar Guda wada ce, Allah Ya halicce ta da gajeren jiki. Kowa ya san cewa da a ce doguwar budurwa ce aka gani tare da Mai Wushirya, da bidiyon bai kai inda ya kai ba, domin irinsa sun cika wayoyi fal. Abin da ya ja idon jama'a shi ne tsayinta. Wato hajar da aka baza a wannan kasuwa halittarta ce, masu saye kuwa mu ne. Shi abokin wasan nata ya samu mabiya da suna, masu tura bidiyo a katin waya sun samu 'yan kuɗinsu, mu mun samu abin hira. Ita kuma fa? An kai ta gaban alƙali, an sanya mata ranar aure kamar yadda ake sanya wa mai bashi wa'adi, an yi mata gwajin jini duniya na ji, daga ƙarshe aka sanar a gidajen rediyo cewa wanda aka ce ya aure ta ba ya son ta. Muna roƙon kowace uwa da ke karanta wannan shafi, ko ake karanta mata, ta ɗan tsaya ta sanya 'yarta a wannan matsayi. A garuruwanmu idan aka fasa auren yarinya bayan an kai goro, sai ta yi watanni ba ta iya zuwa rijiya da rana. To ina ga wadda aka fasa nata a kunnen miliyoyin mutane?

Sai batun auren kansa. Mu da mutanen Kano mazhaba ɗaya muke bi, littattafan da ake karantawa a zaurukan Damagaram su ake karantawa a zaurukan Kano. Malamanmu sun koya mana cewa aure yana da waliyyi, da sadaki, da shaidu, da yarda. Ko ikon tilastawa da malaman Malikiyya suka yi magana a kansa, sun ba uba ne a kan 'yarsa budurwa, bisa sharaɗin neman alherinta, ba su mai da shi sandar da alƙali zai hori mai laifi da ita ba. Idan aka mai da aure horo, me za mu ce wa 'ya'yanmu game da shi? Cewa abu ne da ake yanke wa mutum kamar tara ko zaman kaso? Kuma a irin wannan gida, idan da an ɗaura, wa zai sha wuya? Namiji yana da ƙofar fita, kalma ɗaya ta ishe shi. Macen ce za ta zauna da mijin da ke kallonta a matsayin hukuncin da aka yanke masa. Da aka fasa, mun ce gara haka, amma tabon da aka yi mata fasawa ba ta goge shi ba.

Wani zai ce ai wasa da halitta daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, tun zamanin da fadoji ke da wawan sarki, kuma akwai wasan taubasai da na kabilu da ba wanda ke fushi da shi. Gaskiya ne muna da barkwanci, kuma muna alfahari da shi. Amma mu tuna irin barkwancin da ya raine mu. Yazi Dogo da abokan wasansa sun shekara da shekaru suna sa Nijar dariya a rediyo da talabijin, da me? Da magana, da kwaikwayon ma'aikacin da ke cin hanci, da alhajin da ke ƙaryar arziki, da ƙauyen da aka yi wa alkawarin rijiya. A Najeriya marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, da gurɓatacciyar Hausar barikin soja ya riƙe masu kallo. Waɗannan dariya ce a kan hali, kuma hali abu ne da mutum zai iya gyarawa in ya ji kunya. Wanda aka yi wa dariya a kan tsayinsa ko launinsa ko ƙibarsa, me ake so ya gyara? Ai Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma ta ambaci mata daban a cikin hanin, abin da ke nuna cewa ciwon sananne ne tun da daɗewa.

A nan ne muke tunawa da marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda duniya ta sani da Daso. An haife ta a 1968, ta shiga fim a shekarar 2000 da fim ɗin Linzami Da Wuta na kamfanin Sarauniya, wato tana da shekara 32, a lokacin da masana'antar ke rububin 'yan mata masu rawa da waƙa. Ba ta zo da ƙuruciya ba, ba ta zo da siririn jiki ba. Mace ce mai cikar jiki da kakkausar murya da ido mai magana, kuma da waɗannan ta gina sunanta: muguwar kishiya, uwar miji mai makirci, mai shiga malamai, mai haɗa gurmi. Ta kan sa ka ji haushi ka kuma yi dariya a lokaci guda, wanda ba ƙaramin gwaninta ba ne. Shekara 24 ta yi tana wannan aiki, har fadar Kano ta ba ta matsayin jakadiya a zamanin farko na sarautar Muhammadu Sanusi na biyu. Ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilu 2024, a ƙarshen watan azumi, tana da shekara 56.

Abin lura game da Daso shi ne, idan ta fito ana dariyar abin da ta yi ne da abin da ta faɗa. Ita ke riƙe da linzamin wasan, ita ke sanin inda za ta harari mutum da inda za ta saki guɗa. Jikinta kayan aikinta ne, kamar yadda ma'auni yake kayan aikin mai awo. Ba ta ɓoye shi ba, ba ta kuma ba da haƙuri a kansa ba, ta tsaya gaban kyamara da shi har ƙarshen rayuwarta. A namu ganin wannan tsayuwar ta fi dogon jawabi amfani ga yarinyar da ke kallon madubi tana ƙin kanta. Amma duk da haka sai da ta rasu ne yabo ya yi yawa. Da ranta, mutane nawa ne suka iya raba Daso ta cikin fim da Saratu uwar iyali? Mu masu kallo muna da wannan cuta, mu ga mace ta fito a muguwa sau goma sai mu yanke cewa haka take a gidanta, alhali namijin da ya fito a ɗan fashi sau ɗari muna kiransa jarumi.

Wannan ma'auni biyu ya daɗe. A 2007, da bidiyon sirri na Maryam Hiyana ya fita, ita ce ta ɓuya, sunanta ne ya zama abin zagi a bakin yara, aka kuma dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa, kuma duk hayaniyar a kanta ta sauka. Shi kuwa marigayi Rabilu Musa Ibro, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi a 2008, ya fito ya ci gaba da zama abin ƙaunar jama'a har rasuwarsa a Disamban 2014, ba wanda ya ce a daina gaisawa da shi. Ba muna cewa a rage wa Ibro daraja ba ne, Allah Ya jiƙansa. Muna cewa rahamar da aka yi masa ba ta ƙare a kansa ba, akwai sauran da za a yi wa mata.

Ga kuma batun lada. A watan Fabrairu na 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta fara wasan kwaikwayo tun kafin a haifi yawancin taurarin yau, ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa dubu biyar. Wasu manyan masana'antar, irin su Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka a ayyukansu, aka yi ta cacar baki har makonni. Ko ma yaya lissafin yake, 'yar kasuwa ba ta bukatar a yi mata bayanin abin da naira dubu biyu ke iya saye. Kada kuma a ɗauka abin namu ne mu kaɗai. A Amurka akwai wata 'yar barkwanci baƙar fata mai suna Mo'Nique, wadda ta yi suna wajen kare martabar mata masu ƙiba, ta kuma ci babbar kyautar fim ta Oscar a 2010. A 2019 ta kai kamfanin Netflix ƙara, tana cewa dalar Amurka dubu 500 da aka yi mata tayi ba ta kama ƙafar miliyoyin da ake ba takwarorinta ba, aka sasanta a 2022. Abin dariya, ko abin takaici, shi ne da ta rage jiki don lafiyarta sai wasu masoyanta suka ce ta ci amanarsu. Tana da ƙiba ana magana, ta rame ana magana.

To, me ya haɗa duk wannan da mai rumfa a Ollelewa? Abin da ya haɗa su yana kan teburinmu, cikin 'yan kwalabe da 'yan ƙullin leda.

Idon da ya kalli 'Yar Guda ya yi dariya, shi ne idon da ke auna 'ya'yanmu a gidan biki. A nan Damargu ba siranta ake yabo ba, ƙiba ake yabo. Amarya ta yi wata uku a ɗaki ba ta yi kumatu ba, sai tsegumi ya tashi: mijin ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta yi mata asiri, ko tana ɗauke da wata cuta. Mai jego ta fito arba'in ba ta cika zane ba, sai a ce dangin miji sun gaza. Budurwa baƙa kuma a ce da ita ai da ta ɗan yi haske da tuni ta yi miji. Waɗannan maganganu ba maza kaɗai ke yin su ba, mu faɗi gaskiya, yawancinsu daga bakin mata suke fitowa, daga gwaggo da inna da uwar ɗaki. Yarinyar da ta ji su ba ta zuwa kotu, kasuwa take zuwa. A can za ta tarar da ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe da man shafawa na bilicin suna jiranta, an shigo da su tare da sauran kaya, ba takardar likita, ba mai tambaya.

Ya kamata mai sayarwa ta san abin da take miƙawa. Yawancin ƙwayoyin ƙiba da ke yawo a kasuwanni iri biyu ne. Akwai wadda likitoci ke kira sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Akwai kuma deksametazon, wanda shi ne mafi haɗari. Magani ne mai ƙarfi da ake ba masu asma da wasu cututtuka na ɗan lokaci bisa kulawar likita. Idan aka daɗe ana shansa, yana tara ruwa da kitse a fuska da wuya da ciki, ƙafafu da hannaye kuwa su sirance. Wannan kumburin ne ake gani a ce amarya ta yi kyau. A ƙarƙashinsa akwai hawan jini, da ciwon suga, da gyambon ciki, da raunin ƙashi, da karyewar garkuwar jiki ta yadda ƙaramin ciwo zai zama babba. Wani abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne, wadda ta daɗe tana sha ba a so ta yanke shi rana ɗaya, domin jikinta ya riga ya daina samar da nasa sinadarin, yankewar gaggawa na iya kayar da ita har ta kai ga rasa rai. Hanyar ita ce ta je asibiti a riƙa rage mata sannu a hankali. Duk wadda ta karanta wannan ta isar wa maƙwabciyarta.

Man bilicin ma haka. Abubuwa uku aka fi samu a cikinsa: haidirokwinon, da sinadarin makuri mai guba, da kuma dangin wancan deksametazon ɗin da ake shafawa. Da farko fata ta yi haske, daga baya ta yi laushi kamar takarda, jijiyoyi su bayyana, gwiwoyi da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, fuska ta yi dabbare-dabbaren da ba ya fita. A rana irin ta Tanut, fatar da aka cire wa kariyarta ƙonewa take yi. Makuri kuma yana ratsa fata ya taɓa ƙoda, yana iya isa ga jaririn da ke ciki ko wanda ke shan nono. Unguwarzoma da ma'aikatan tiyata sun san wahalar ɗinke irin wannan fata bayan haihuwa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a can ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015, Ruwanda ma ta bi sahu daga baya. Kasuwar da ke ciyar da Kano ita ke ciyar da Damagaram, ta Damagaram kuma ita ke ciyar da mu, don haka kada mu ce gobarar a gidan maƙwabci take.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta: in ban sayar ba wata za ta sayar, kuma da ribar nan nake sayen tiyar gero. Ba mu raina wannan magana ba. Mun san cewa a ƙauyukan Damargu, idan damina ta gaza maza suka tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko Najeriya, matan da ke zaune a rana kan buhu su ne ke riƙe da gida, su biya kuɗin magani, su sayi littafin lakwal, su zuba adashi. Ribar dala biyar a wurinsu ba abin wasa ba ce. Amma 'yar kasuwa ta gari ta san bambancin ribar yau da cinikin shekara goma. Wadda ta sayar wa amarya sha-ka-fashe bana, baɗi kuɗin da amaryar za ta sayi atamfa da turare da kwano a hannunta asibiti za su tafi. Kuma garuruwanmu ƙanana ne. Wadda ta saya 'yar wani ce da muka sani, wataƙila gobe ita ce matar ɗanmu, mu ne kuma za mu yi jinyarta. Lalle, da man shanu, da man gyaɗa, da sabulun salo, da turaren wuta, da humra, duk haja ce ta gyaran jiki da ke da masu saye, kuma ba wadda ta taɓa kai mace gadon asibiti.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa muke ganin matan kasuwa ne suka fi cancanta su fahimci 'yar wasa. Wace ce a cikinku, iyayenmu, ba a taɓa yi mata gori da sana'arta ba? An ce matar kasuwa ba ta da kunya, an ce mai tuwo-tuwo kaza, an ce bazawarar da ke zuwa Damagaram saro kaya ita kaɗai akwai abin da take nema. Wanda ya faɗi haka da safe shi ne zai zo cin bashi da yamma. Haka ake yi wa 'yar fim: a kalle ta da dare a yi nishaɗi, da gari ya waye a tsine mata, in ɗan gidan ya ce zai aure ta a ce sai bayan rai. Duk macen da ta fito bainar jama'a neman abincinta, jikinta da aurenta da mutuwar aurenta sai su zama dukiyar gari. Wadda ta sha wannan ɗaci bai kamata ta zama mai ɗura wa wata ba.

Ba mu ce 'yan wasan ba su da nasu laifin ba. Wanda ya ɗauki mai wata halitta ta daban ya sanya ta gaban kyamara don kawai a yi mata dariya, ya san abin da yake yi, kuma ita ma baliga ce mai hankali da za ta iya cewa a'a. Sai dai mu tambayi kanmu, wace ƙofa muka bar wa wadanni da guragu da zabiya a buɗe? Mai shago nawa ne zai ɗauki wada ta tsare masa kanti? Gida nawa ne zai karɓe ta a matsayin suruka ba tare da an yi taron dangi ba? Idan bara da zama abin dariya ne kaɗai aka bar wa mutum, ya zaɓi na biyun, to kafin a kai shi kotu sai a fara tambayar waɗanda suka rufe sauran ƙofofin. Da Hukumar Tace Fina-finai da manyan Kannywood za su ba irin su 'Yar Guda matsayi na gaske a fim, ta fito a uwa, ko malama, ko 'yar kasuwa mai wayo da ke juya maza da lissafi, kamar yadda aka ba Daso fili ta nuna gwanintarta, da sun yi wa tarbiyya hidimar da ta fi auren kwana 60.

A nan gida kuwa, abin da ke hannunmu ba ya bukatar umarnin kotu. Shugabannin 'yan kasuwa da shugabannin mata na kasuwanninmu za su iya zama su yarda a tsakaninsu cewa ƙwayar ƙiba da man bilicin ba su da rumfa, kamar yadda ake haɗuwa a kan mai tauye mudu. Hukumomin gundumar Ollelewa da jami'an lafiya na Tanut da Belbeji su riƙa shigowa ranar kasuwa, ba da niyyar ƙwace da tara kawai ba, su zo da bayani da Hausa da Tamashek da Fulatanci, su nuna wa mata kwalin da za su guje wa, su kuma faɗa wa masu sha inda za su je a rage musu cikin sirri ba tare da an kunyata su ba. Gidajen rediyon karkara su ba unguwarzoma da ma'aikatan jinya fili. Malamai da ke wa'azin tufafin mata kowace Juma'a, muna roƙonsu su ware ko da huɗuba ɗaya a kan harshen da ke tura yarinya shan guba don a ce ta yi kyau. Samarin da ke tura bidiyo a katin waya kuma, idan Hajiya ta miƙo wayarta ta ce a zuba mata abin dariya, fina-finan Daso da na Ibro suna nan jibge, sun ishe ta har kasuwa ta gaba.